Wasiƙar da Ikuma Ya Ƙi Rubutawa

Mabiya wannan shafi, ku gyara zama. Labarin yau daga garin da na daɗe ina zaune ne, nan arewacin Japan.

Akwai wani mutum ana ce masa Shirasaka Norio, mai bincike a kotun iyali. Idan yaro ya yi laifi, shi ne zai zauna da shi, ya je gidansu, ya je makarantarsu, sannan ya rubuta wa alƙali shawara: a mayar da yaron gida, ko a kai shi gidan gyaran hali. Da wuya alƙali ya tsallake abin da ya rubuta.

Shekararsa ashirin da uku a aikin, kuma gaskiya kansa ya kumbura. Yakan ce wa ƙananan ma'aikata, "Ni ku miƙo mini wasiƙar neman gafarar yaro kawai. Kafin in kai layi na uku na san ko ya shiryu."

A nan, yaron da ya cuci wani yakan rubuta masa wasiƙa da hannunsa, kuma ba wasa ake yi da ita ba.

Sai aka kawo masa Ikuma, ɗan shekara goma sha shida. Ya fizge jakar wata tsohuwa yana kan keke, ta faɗi ta karye a ƙugu. Abin da ya fi ɓata wa Shirasaka rai, ya san yaron. Shekara biyu baya an kama shi ya yi sata a kanti, ya rubuto wasiƙa mai sa hawaye, kuma Shirasaka da kansa ya ce a sake shi.

Alƙali ya ɗage hukunci wata huɗu. Ya damƙa yaron a hannun wata tsohuwa daban, mai shagon awara, Kuramochi Teruko, wadda ta daɗe tana karɓar irin waɗannan yara. Zai zauna a gidanta, ya yi aiki, a ga halinsa. In wata huɗu ta cika, ko gida ko gidan gyaran hali.

Duk mako biyu Shirasaka zai leƙo shagon.

"Ina wasiƙar?"

"Ban rubuta ba."

"Alƙalamin ne ya ƙare, ko hannun ne ya shanye?"

Ikuma ya ci gaba da aikinsa.

Aiki kam ba a magana. Ikuma ya iya jiƙa wake, ya iya tacewa, ya iya matsewa, har masu saye suka daina bambanta awararsa da ta tsohuwar. Amma takardar nan tana kan teburinsa fara fat.

Da ya rage kwana tara a koma kotu, Shirasaka ya rubuta rahotonsa: yaron ba shi da nadama, a kai shi gidan gyaran hali. Ya sa a jaka, ya biya shagon don ya sanar da tsohuwar.

Teruko ta zuba masa shayi, ta saurare shi har ya kai aya.

"Malam Shirasaka, sau bakwai kana zuwa nan. Sau bakwai kana tambayarsa ina wasiƙa. Ka taɓa tambayarsa me ya hana?"

"Haba Inna, taurin kai ne. Na ga irinsu ɗari."

"To ga na ɗari da ɗaya can baya yana wanke tukunya. Je ka tambaye shi, shayin ba zai gudu ba."

Don dai kada ya watsa wa tsohuwa ƙasa a ido, ya tashi ya shiga. Ya tarar da yaron hannu dumu-dumu cikin ruwan sanyi.

"Ikuma, ka san saboda takardar nan za a tafi da kai? Me ya hana ka?"

Yaron ya daɗe yana goge wuri ɗaya a jikin tukunyar.

"Waccan ta farko, ba ni na tsara ta ba, Malam. Wani babban yaro a unguwarmu ke da ita a waya. Duk wanda aka kama sai ya tura masa, suna kawai ake canzawa. Ka karanta ka ce ka daɗe ba ka ga mai ratsa zuciya irinta ba. Ina fita daga kotu na dinga dariya."

Shirasaka ya ji kamar an watsa masa ruwan tukunyar a fuska.

"Yanzu duk sanda na ɗauki alƙalami, kalmomin waccan ne ke zuwa mini," in ji yaron. "Minti goma ya ishe ni in rubuta ta. Amma na karya wa matar nan ƙugu. Ba zan ƙara mata da ƙarya ba."

Ku ji abin da ya fara faɗo wa babban ma'aikacin nan a rai, ba yaron ba ne, kansa ne. In ya kai wa alƙali wannan magana, dole ya rubuta da hannunsa cewa ɗan shekara goma sha huɗu ya yi wasa da hankalinsa. Kuma rahoto a fayil yake zama, ƙananan nan da yake yi wa cika baki duk za su gani.

Sai ya yi ƙasa da murya. "To ka rubuta ko layi biyar ne, ko yaya suke. Ni na san yadda zan yi da sauran."

"Au!" Ashe Teruko tana tsaye a bakin ƙofa. "Yaro ya ajiye ƙarya, kai kuma ka zo ka ɗaura masa ita? Kai ne fa kotun, Malam."

Wallahi kunya ta kama shi har kunnuwansa suka yi ja. Ya sa takalminsa ya fita.

Kwana uku yana buɗe rahoton yana rufewa. Ran na huɗu ya yaga shi, ya rubuta sabo.

Ranar zama ta zo. Ɗaki ne ƙarami, ba 'yan kallo, ba 'yan jarida. Daga alƙali sai magatakarda, sai Shirasaka, sai Ikuma tsakanin mahaifiyarsa da Teruko.

Alƙali ya ɗago takardar. "Malam Shirasaka, ka rubuta a nan cewa shekara biyu baya ka duba kyan wasiƙa ba ka duba yaron ba, kuma kana da kaso a abin da ya samu matar nan. Ka tabbata kana so wannan ya zauna a fayil?"

"Ya zauna, ranka ya daɗe. Haka aka yi."

Alƙali ya juya wurin yaron. "Ikuma, babu wasiƙa a gabana. Wannan kaɗai zai iya sa in tura ka, ka sani?"

"Na sani."

"To me kake so ka ce wa matar?"

Mahaifiyarsa ta dafa gwiwarsa tana roƙonsa da ido ya faɗi ko mene ne. Yaron ya ɗago kai.

"Ban samu maganar ba tukuna. Kullum ina tuna ƙarar da na ji da ta faɗi. Ban san yadda ake rubuta wannan ba."

Alƙali ya cire tabarau, ya daɗe yana kallonsa.

"Ba zan tura ka ba. Za ka zauna ƙarƙashin sa ido, ka ci gaba da aiki wurin Inna Teruko. Wasiƙar kuma ban sa maka rana ba. Amma matar nan tana da haƙƙi a kanka, kuma babu hukuncin da zan yanke da zai sauke maka shi."

Sai a lokacin Ikuma ya fashe da kuka, irin kukan da bai yi ba ranar da aka kama shi. Shirasaka ya kalli yaron da saura kaɗan ya tura gidan gyaran hali don kawai ya ƙi yi masa ƙarya.

Darasi: Iya tsara kalmomin ban haƙuri ba shi ne nadama ba, kuma yaron da ya yi shiru ba lallai ne mai taurin kai ba. Kafin ka yanke wa yaro hukunci, tambaye shi dalili, ka tsaya ka ji amsar. In kuma kuskuren naka ne, faɗe shi ko da girmanka zai taɓu, domin rayuwar wani na iya rataya a kai. Ku tura wa iyaye da malamai da duk wanda aka ba amanar yara.