Mutumin da Ya Je Ɗaukar Ƙwan Jimina

Akwai wani mutum a wani ƙauye na bakin daji, ya gina sabon ɗaki, ya yi masa jinka mai kyau. Abu ɗaya ya rage, wato ƙwan jimina da za a kafa a tsororuwar ɗakin, yadda manyan garin suke yi. Sai ya tashi nema.

A bakin rijiya ya tarar da wani tsohon makiyayi, ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ina jimina take ƙwai bana?"

Tsohon ya nuna masa gabas, ya ce, "Amma ka sari dogon reshen ƙaya ka riƙe a gabanka. Idonta take ji wa tsoro, ba kai take tsoro ba."

Mutumin ya yi dariya. "Haba, Baba! Tsuntsun da in ya ga mutum sai ya tusa kai cikin yashi, wai ya ɓuya? Ai kowa ya san wannan."

"Kai ka gani?"

"An faɗa."

Tsohon ya ce, "To. A gaida wanda ya faɗa."

Da la'asar mutumin ya isa wani fili, ba itace, ba dutse. Can ya hango namijin jimina, baƙi wuluk, tsaye a kan wani ɗan rami, kansa a ƙasa. Zuciyarsa ta ce masa, ga shi nan, tsoro ya kama shi. Ya matsa. Ya ƙara matsawa, har ya ga fararen ƙwai a cikin ramin. Ya miƙa hannu.

Sai kan ya ɗago. Ya yi ta ɗagowa har ya wuce tsawon mutum. Ashe ba wanda ya taɓa gaya wa jiminar abin da kowa ya sani.

Tsuntsun ya buɗe fukafukai, ya yi huci. Mutumin ya juya zai gudu, amma gudu da jimina ba ya cikin abubuwan da aka ba ɗan Adam. Shuri ɗaya, farcen ya tsaga rigarsa ya kai shi ƙasa. Ya kwanta rub da ciki, ya rufe ƙeya da hannu biyu. Tsuntsun ya taka bayansa, ya zagaya, ya dawo ya sake takawa. Mutumin ya san in ya ɗaga kai, cikinsa za a farke. Yashi ya cika masa baki. Yana jin sawun kusa da kunnensa, bai motsa ba.

Can sai ya ji muryar tsohon: "Ɗana, kada ka tashi tukuna." Ashe ya biyo sawunsa da reshen ƙaya. Ya kai reshen saitin idon jiminar, tsuntsun ya ja da baya, yana huci.

"Yanzu ja ciki, a hankali."

Da suka yi nisa, mutumin ya tofar da yashi, ya ce, "Baba, da idona na ga kansa a ƙasa."

Tsohon ya ce, "Ƙwai yake juyawa. Da me kake so ya juya su, da hannu?"

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, yawancin abin da muke cewa mun sani game da mutane, "an faɗa" ne. Ka ga ɗan'uwa ya sunkuyar da kai, an zage shi bai rama ba, sai ka ce matsoraci ne, ka miƙa hannu ga abin da yake nasa. Wataƙila addu'a yake yi. Wataƙila gidansa yake karewa da shirun nan. Mutum yana ganin sunkuyon kai, Ubangiji yana ganin abin da ake tsarewa a ƙasa.

Saboda haka, kafin ka yanke wa maƙwabcinka hukunci, ka tambayi kanka wa ya gani. Mutumin nan ya tsira da karayar haƙarƙari biyu, gama an biyo shi da ƙaya. Ba kullum ake samun mai biyowa ba.