Mai Lambu da Ƙwayar Maganin Matarsa

Akwai wani mai lambu a wani ƙauye na bakin fadama, yana noman albasa da rani. Su biyu ne kawai a gida, shi da matarsa, gama 'yarsu Keziya ta yi aure a wani gari. Matar nan ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata ta majami'arsu. In ta ɗaga murya ranar Lahadi, har tsofaffin da ke gyangyaɗi a bencin baya sukan farka su kama amshi. A gida ma haka take, tana daka tana waƙa, tana shara tana waƙa. Mijin bai taɓa jiran zakara ya tashe shi ba.

Ana nan sai matar ta fara canjawa, a hankali, yadda ba mai iya cewa ga ranar da abin ya soma. Barci ba ya isarta. Ana tsakiyar zafin bazara, kowa yana fifita, ita kuwa tana lulluɓe da zane biyu. In ta taje kai sai gashi ya cika mataji. Fuskarta ta kumbura, jikinta ya yi nauyi, alhali loma uku take yi ta ture kwano. Wata rana ta sa gishiri a miya sau biyu, wata rana ta manta da shi ɗungum. Daga baya muryar ma ta dushe, kamar ta mai murar da ta ƙi warkewa. Sai ta bar wa wata ba da waƙa, ta koma bencin baya.

Mutane kuwa, kun san halinmu. Wata ta ce hutu ne ya yi mata yawa tun da ta aurar da 'ya. Wata ta ce ta yi sanyi da addu'a ne. Shi ma mijin, ba zan ɓoye laifinsa ba, ya dawo daga lambu wata rana ya tarar da ita kwance, murhu ba wuta, ya ce, "Maman Keziya, wannan kuma lalaci ne ko mene ne?" Ta juya fuska bango, hawaye yana gangarawa cikin kunnenta. Maganar nan ta daɗe tana cin ransa.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya kai ta asibiti a birni. Aka ɗebi jininta aka auna. Likita ta ce masa, "Baba, matarka ba ta da lafiya ne. A gaban wuya, daidai inda maƙoƙo yake fitowa, akwai wata 'yar tsoka mai hura wutar jiki. Tata ta gaza, abin da take bayarwa ba ya isa. Ga ƙwaya, ɗaya kowace safiya, da ruwa kawai, tun ba ta ci komai ba. Kunu sai bayan rabin sa'a ko fiye. Za ku riƙa dawowa ana duba jinin."

Matar ta ce, "Har zuwa yaushe, likita?"

Likita ta ce, "Muddin rai, Mama."

Ƙwayar ba ta fi ƙwayar dawa girma ba. Mai lambu ya juya ta a tafin hannu yana mamaki. Ba shi da agogo, sai ya yi nasa: in ta sha magani da fitowar rana, ba za a taɓa kunu ba sai inuwar rumbu ta janye daga kan turmi. Shi ne mai kawo mata ruwan. Shi ma yakan ajiye ƙoƙonsa ya jira tare da ita, ko da cikinsa yana kuka.

Mako ya wuce, ba a ga komai ba. Wata ya wuce, ta ajiye zane ɗaya. A wata na uku, yana ɗaure guga zai fita, sai ya ji waƙa daga wajen turmi. Ya tsaya a bakin zaure bai motsa ba, har ta kai ƙarshe.

Ran Lahadi ta tashi a gaban ikkilisiya ta ba da shaida, ta ce Ubangiji ya warkar da ita. Mata suka yi guɗa. A bakin ƙofa wata 'yar'uwa ta rungume ta, ta ce, "To, tunda an warke, ƙwayar asibiti ta gama aikinta ke nan. Mai bangaskiya ba ta riƙe sanda bayan ƙafa ta miƙe." Da zuciya ɗaya ta faɗa, ba da mugunta ba. Amma maganar ta bi matar har gida.

Daga ranar, in mijin ya miƙa mata ƙwaya sai ta damƙe a hannu, ta sha ruwan kawai. In ya juya baya, ta jefa ta cikin ƙwaryar irin kuɓewa. Kwanakin farko ba ta ji wani bambanci ba, ta ce a ranta lallai 'yar'uwar nan ta yi gaskiya. Kafin wata biyu, zane na biyu ya dawo kafaɗarta. Waƙar safe ta gajarce, sa'an nan ta ɗauke.

Wata rana da yamma mai lambu ya sauke ƙwaryar don ya ɗebi iri, sai ga fararen ƙwayoyi birjik a cikin kuɓewa. Ya daɗe yana dubansu. Ransa ya ɓaci, har ya miƙe zai kira matar. Sai ya tuna ranar da ta juya fuska bango, ya mayar da ƙwaryar inda ya ɗauko ta.

Washegari bai tafi lambu ba. Ya zauna a gindin rumbu, guga a gefensa. Matar ta fito tana jan ƙafa, ta ce, "Maigida, rana ta ɗaga, ba ka tafi ban ruwa ba."

Ya ce, "Na daina. Jiya na duba albasa, ta yi kore shar. Allah ya raya ta. In na ci gaba da kai mata ruwa, sai a ce ban gaskata ba."

Ta ce, "Wace irin magana ce wannan? Ai don kana ba ta ruwa ne ta yi kore. Ka bar ta kwana uku ka ga..."

Kafin ta ƙarasa, sai ya jawo ƙwaryar ya ajiye a tsakaninsu.

Ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ta ce, "Na tsaya gaban jama'a na ce na warke. In ina shan magani, ai na zama maƙaryaciya ke nan."

Ya ce, "Ba ki yi ƙarya ba, Maman Keziya. Ruwan rijiyar lambu ba ni na yi shi ba, ɗauka kawai nake yi. Allah ne mai ruwa, shi ne kuma mai albasa. Ni ma ina da abin roƙo. Ranar da na ce miki lalaci ne, ki gafarta mini."

Ya kawo ruwa, ta sha ƙwaya ɗaya a gabansa. Suka zauna suna kallon inuwar rumbu. A makon nan suka koma wurin likita suka faɗa mata gaskiya. Muryar ba ta dawo da wuri ba, sai da damina ta faɗi.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Lambun shi ne jikinmu, shi ne kuma ranmu. Akwai alherin da Allah yake yi sau ɗaya an gama, akwai kuma wanda yake aunawa daidai da yini ɗaya, domin gobe mu sake miƙa hannu. Dukansu nasa ne. Wanda aka ba magani na kullum ba a mayar da shi baya a wurin Allah ba, kada kuma ya ajiye shi don kunyar idon mutane. Haka ma addu'a take, ba a barinta don yau an tashi da ƙarfi.

Mu kuma masu lafiya, ina jin tsoron bakinmu. Sau nawa muka kira gajiyayye malalaci, ba mu san wutar jikinsa ce ta yi ƙasa ba? Sau nawa muka ba da shawara a bakin ƙofar majami'a, muka tafi gida muka manta, wani kuwa ya kwanta ciwo a kanta?

In akwai mai shan magani a gidanka, kada ka tsaya auna bangaskiyarsa. Gobe da safe ka zama kai ne mai kawo ruwan. Ka ajiye ƙoƙonka kusa da nasa, kununku ya huce tare.