Maɗaci da Maje

Akwai wani kafinta a wani gari, wanda ban da kujeru da ƙofofi, Allah ya ba shi baiwar yin jita. Yawancin jitocin da ake kaɗawa a majami'un yankin daga hannunsa suka fito. Yakan ce wa masu zuwa wurinsa, duk wahalar jita a wuyanta take, gama tsirkiyoyi shida suna jan wuyan nan kullum, ko ana kaɗawa ko an jingine ta a bango.

A rumfarsa akwai katakai biyu da ya ajiye a ƙarƙashin rufi. Ɗaya na maɗaci ne, yana nan yana bushewa tun mahaifinsa na da rai. Ɗayan kuwa na maje ne, bai daɗe da sarowa ba. In an goge su an shafa musu mai, dukansu sukan yi ja, sai wanda ya san itace zai rarrabe. Kafintan kuwa ya sani. In ya ƙwanƙwasa maɗacin yakan amsa da ƙara mai daɗi, majen kuwa sai ka ce an bugi buhu. In ya danna farce, maɗacin ba ya nuna alama, majen yakan lotsa. Maɗacin nan ya keɓe shi domin wata jita da yake burin yi, wadda mutane za su riƙa nunawa suna ambaton sunansa.

Wata rana abokinsa na ƙuruciya ya zo rumfar. Ikkilisiya ta aike shi ya zama mai bishara a wani ƙauye can bayan duwatsu, inda masu bi ba su da yawa.

Ya ce, "Ɗan'uwa, inda za ni babu ganga, babu ƙungiyar mawaƙa. Daga ni sai matata. Ka yi mini jitar da za ta jure."

Kafintan ya ɗaga kai ya dubi katakan nan biyu. Ya ce a ransa, ƙauye ne fa, wa zai gani a can? Sai ya sauko da majen. Ya fere shi, ya goge, ya shafa mai har yana ƙyalli.

Ranar da mai bisharan ya zo karɓa, ya shafa wuyan jitar ya ce, "Kai, wannan ja haka! Maɗaci ne ko?"

Kafintan ya ce, "Kaɗa ka ji, Malam."

Mai bisharan ya kaɗa, ta yi daɗi. Ya sa wa abokinsa albarka, ya tafi yana murna.

Duk rani jitar ta yi aiki lafiya. Yara suka riƙa taruwa a gindin itace, iyayensu mata suna tsayawa daga nesa suna saurare. Da damina ta sauka, itacen ya sha danshi, wuyan ya fara lanƙwashewa a hankali. Tsirkiyoyin suka ɗaga, suka yi nesa da itacen, sai an danna da ƙarfi kafin su yi ƙara, ƙarar ma ba daidai ba. Mai bisharan ya ci gaba da kaɗawa har kan yatsunsa ya tsattsage. Daga ƙarshe ya rataya ta a baya, ya komo da ita.

Ya ce, "Ka gafarce ni, ɗan'uwa, na ɓata maka aiki. Ɗakinmu yana yoyo, ni kuma ban kula da ita yadda ya kamata ba."

Gaskiya ta zo har bakin kafintan, amma kunya ta hana ta fita. Ya ce, "Ba komai, Malam. Bar ta, zan duba."

Duk lokacin da ya ga jitar sai zuciyarsa ta soke shi, don haka ya juya fuskarta bango, ya kama wasu ayyuka. Sai bayan kaka ya sauko da maɗacin, ya yi sabon wuya, miƙaƙƙe, mai ƙarfi. Ya yi niyya in ya kai wa mai bisharan jitar, zai faɗa masa kome.

Da ya isa ƙauyen, ya tarar da matar mai bisharan zaune a ƙofar gida, mata sun kewaye ta. Zazzaɓi ya ɗauke mijinta, har an binne shi.

Ta ce, "Sannu da hanya, Yaya. Har ya kwanta yana maganar jitar nan. Ya ce in na gan ka in sake ba ka haƙuri."

Kafintan ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka. A gaban matan nan ya faɗi abin da ya yi. Ta ce, "Ni na yafe maka. Shi ma da ya yafe, na san halinsa. Amma ya tafi yana ganin laifinsa ne."

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa: wuyan jita shi ne alkawarin da muke yi wa juna da hidimar da muke yi wa Ubangiji. Maɗaci da maje suna kama da juna muddin babu nauyi a kansu. Haka ƙauna ta gaskiya da ƙaunar baki, duka suna ƙyalli ran Lahadi, damina ce take rarrabe su. Kafintan bai yi ƙarya da bakinsa ba, amma ya riƙe mai kyau domin sunansa, ya ba ɗan'uwansa abin da ya san ba zai jure ba. Da abin ya ɓaci kuma, ya yi shiru, ya bar wani ya ɗauki laifinsa.

Allah yana gafartawa, wannan babu shakka. Amma akwai maganar da sai mai rai ake faɗa wa. In akwai wanda yake ɗauke da laifin da ka san naka ne, kada ka ce sai ka gama gyara tukuna. Wataƙila yanzu haka kuna zaune a benci ɗaya. In an tashi sujada, ka tsayar da shi a bakin ƙofa, ka faɗa masa.