Mutumin da Ya Kwance Injin Shu'aibu

An yi wani mutum a nan Yelwa, ba zan kama sunansa ba, manyanku sun san shi. Yana ba manoman albasa bashin injin ban-ruwa da taki da iri, tun daga Shanga har Ngaski. Ka ɗauka lokacin shuka, ka biya in ka cire albasa. Sana'a ce ta halal. Amma mutumin nan ba shi da haƙuri ko na ƙwayar gero.

Akwai wani manomi a wani gungu cikin ruwa, sunansa Shu'aibu. Ya ɗauki inji, ambaliya ta cinye gonarsa, ya kasa biya. Shekara ta zagayo, mutumin ya kai shi kotu. Haƙƙinsa ne, ba wanda ya ga laifinsa.

Shu'aibu bai yi musu ba. Alƙali ya ce wa mai inji: "Bashinka ya tabbata. Amma albasarsa tana ƙasa, bar shi ya cire ya biya ka. In ya saɓa, ka dawo, ma'aikacin kotu zai karɓo maka. Kada ka taɓa injin nan da hannunka."

Ya 'yan uwa, ina abin wuyar ganewa a nan? An hana shi kuɗinsa ne? Jira kawai aka ce ya yi.

Ina! Ya fito yana gunaguni, wai kuɗinsa ne ko na alƙali? Ya ɗauki jirgi da 'yan ƙarfi, suka haye gungu daidai lokacin da albasa ta fara yin kai, lokacin da ba ta jure ƙishi. Shu'aibu ya durƙusa cikin taɓo.

"Alhaji, don girman Allah, bari ta nuna. Abincin iyalina ke nan."

"Ga ruwa nan fal a gabanka," in ji shi. "Ɗebi da ƙwarya."

Suka kwance inji, suka naɗe tiyo, suka tafi.

Abin da ke ba ni haushi, da ya tambayi ko da mai tuƙa jirgin, da ya ji. A gungun nan ba kowa ke da inji ba. Wanda gonarsa ke bakin ruwa shi ke kafawa, maƙwabta su kawo mai, a yi ta zagaya tiyo gona gona. Injin Shu'aibu shi ke shayar da layin duka. Su wa ke layin? Mutanen da shi kansa ya ba taki da iri bashi.

Albasa ta yi rawaya, ta kwanta. Da hannunsa ya kashe gonakin da za su biya shi.

Manoman suka taru suka kai ƙara. Alƙali ya tsare shi saboda take umarnin kotu, ya kuma ɗora masa asarar kowace gona. Mutumin ya sayar da mota, ya sayar da shago. Sai ga dillalin da ke kawo masa injuna shi ma ya maka shi a kotun nan. Ya tsaya inda Shu'aibu ya tsaya, yana cewa a ba shi lokaci.

Aka ba shi, don dokar da ya taka ba ta ware shi ba. Sai dai shi ba shi da albasa a ƙasa.

Ya 'yan uwa, na gaji da faɗi, amma zan ƙara. Bin bashi haƙƙi ne, yana da hanya. Ka sanar da mutum. Ka faɗi gaskiyar abin da ya rage, kada ka ƙara ko kwabo. In ka je kotu, ka tsaya inda ta tsaida ka. Kada ka tozarta shi gaban iyalinsa, kada ka kwashe abin da yake neman abinci da shi. Allah ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, hukuma ma ta faɗa. To kai wane ne?

Allah ya kiyaye mu da gaggawar da ke cinye mai ita, ya sa mu tausaya wa wanda ke hannunmu tun kafin mu faɗa hannun wani. Amin.