Motar da Ta Fara Cunkoson

Akwai wani injiniya da na sani a ma'aikatar kula da hanyoyi. Sunansa ya kwance mini, ku yi haƙuri da tsufa. Amma aikinsa ina tune da shi.

Ya zana babbar hanya a kwamfuta, ya yanka ta gida-gida kamar takardar lissafi. Kowace mota ɗigo ce a gida guda. In da fili a gabanta ta ƙara gudu, in babu ta rage. Da haka yake nuna yadda mutum ɗaya zai taka burki, na bayansa ya taka fiye da shi, har can nesa motoci su tsaya cik, ba haɗari, ba rami.

Yana da ƙwaƙwalwa, kuma ya san yana da ita. Direbobi kuwa tumaki yake kiransu.

Wata Talata, ko Laraba ce, mahaifiyarsa ta yanke jiki ta faɗi. Yayarsa ta sa ta a motar asibiti, ta kira shi. Ya taso a guje har ya riga su isa. Minti arba'in yana tsaye a bakin ƙofar asibiti, su kuwa sun maƙale a cunkoso. Da motar ta iso, jiniyarta a kashe take.

Bayan an share makoki, ya shiga ɗakin dattijon da ke kula da kyamarorin hanya.

"Baba, ba ni hotunan ranar nan duka."

"Iska za ka kama, Injiniya? Cunkoso ba shi da uba."

"Yana da uba. Zan nemo wanda ya kashe mini uwa, duniya ta san lambar motarsa."

"Ɗana, bar wa Allah. Ba kowace tukunya ake buɗewa ba."

"Kai dai goge gilashin kyamara ka iya. Bar mini lissafi."

Dattijo ya miƙa masa.

Mako uku yana zuba motocin ranar cikin gidajen da ya zana a kwamfuta. Motar asibiti ya mai da ita jan ɗigo. Duk sanda ya kunna, jan ɗigon ya zo gida ɗaya ya tsaya. Ya ce da rana tsaka yana jin jiniya a ofis, alhali fanka ce kawai ke juyawa.

Sai ya bi cunkoson gida-gida zuwa tushensa. Lissafi ya nuna masa gindin wata gada, ƙarfe biyu da minti goma sha ɗaya. Ya kira dattijo ya zo ya shaida, ya buɗe hoton wurin.

Wata mota ruwan toka ta keta layi biyu, ta faɗa gaban babbar mota. Direban babbar motar ya danne burki. Daga nan komai ya fara.

Ya matso da hoton. Dattijo ya karanta lambar, ya dubi makullin motar injiniya da ke kan tebur, ya fita ya ja ƙofa a hankali.

Da la'asar ya sami yayarsa tana ninke kayan marigayiya.

"Yaya, na samo shi."

"Wane ne?"

"Ni ne. Kuna bayana, ban sani ba."

Ta ɗauko mayafin Inna. "Ni ce na kira ka sau uku ina cewa yi sauri, auta. Sai ka ƙara ɗigo ɗaya a kwamfutarka, nawa ke nan." Ta gusa ta ba shi wuri. "Kwananta ne ya ƙare. Zauna ka kama mini."

Ya zauna, ya kama bakin mayafin.

An ce har yau in zai taka burki sai ya dubi madubi tukuna. Wa yake nema a ciki, ban tambaye shi ba.

Darasi: Kafin ka rantse sai ka tona asirin mai laifi, duba inda naka sawun ya bi. Gaggawar daƙiƙa ɗaya kan tsayar da wanda ba ka gani a bayanka. Ku tura wa duk mai riƙe sitiyari.