Burodi Mai Suna Biyu

An yi wani sarki a ƙasar Ingila, zamanin da yaƙinsu da Faransa ya daɗe har jikoki suka gaji gabar da ba su san mafarinta ba. Da ya ci wani gari a gaɓar Faransa, sai ya yi umarni a kori duk Bafaranshe. Amma mutanen garin sun yi auratayya da Ingilishi shekaru da yawa, rarrabe su ya gagara. Fadawa, waɗanda dabara ba ta ƙare musu in dai kan talaka za ta faɗa, suka ce a nuna wa kowa burodi, harshen da ya ambace shi da shi, shi ne asalinsa.

Aka kawo wata tsohuwa mai suna Odila, aka ɗaga mata burodi, ta yi shiru. Sarki ya ce wa alƙalinsa Ranulfu, "Yanke mana hukunci, tamu ce ko tasu?"

Alƙali ya ce, "Iya, me ya hana ki magana?"

Ta ce, "Allah ya gafarta malam, mijina Ba'ingilishe ne, ni Bafaranshiya. Babban ɗana da harshen ubansa yake roƙona wannan abu, ya mutu ƙarƙashin tutarku. Ƙaramin da harshena yake roƙo, ya mutu ƙarƙashin tasu. Suna kwance bayan majami'ar garin nan. Duk sunan da na faɗa, na yi musun ɗayansu."

Alƙali ya sunkuyar da kai, sa'an nan ya ce, "Ran sarki ya daɗe, ina neman afuwa. Ranar da yunwa ta fara kama ka kana yaro, da wane suna ka roƙi wannan abu wurin mahaifiyarka?"

Ashe mahaifiyar sarki 'yar Faransa ce, kuma tun da aka soma yi masa kirari da sarkin Ingilishi bai sake furta harshenta a fili ba. Baƙin ciki ya cika shi, ya faɗi kalmar da Faransanci a hankali, hawaye na zuba.

Ya soke umarnin, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa alƙali, ya ce, "Hukuncin da zai kori mai hukunci daga gidansa, ba adalci ba ne ga kowa."

Odila ta karɓi burodin, ta raba shi biyu, ta nufi bayan majami'a.