Karnukan Nomau da Tsohuwa Tabawa

An ce wai a wani gari na bakin daji an yi wani alƙali mai suna Malam Ishiyaku, mutum mai jinkirin magana, wanda ba ya yanke hukunci sai ya ga abu da idonsa. A zamaninsa ne ciwo ya faɗa wa karnukan Nomau, Sarkin Bakan garin. Kare ya ci ya ƙoshi, amma kullum sai ramewa yake, haƙarƙari a waje, ciki a kumbure, har ya kwanta ya mutu. Da karnukan nan Nomau yake ci da iyalinsa, yana kuwa son su kamar 'ya'yan cikinsa.

A ƙarshen unguwar akwai wata tsohuwa, Tabawa, mai sayar da daddawa, baƙuwa ce da aure ya kawo, mijin kuma ya rasu. Ba ta da kowa sai yayarta makauniya. Wata rana ta ga Durwa, babbar karyar Nomau, ta ce kai, wannan karya ta rame. Ba a jima ba Durwa ta mutu. Nan take magana ta bazu cewa Tabawa mayya ce, ita ke cin kurwar karnukan, in ta gama da su kuma kan yara za ta koma. Maharba suka cinna wa gidanta wuta tana kasuwa. Makauniyar ta kasa gane ƙofa, hayaƙi ya kashe ta a ɗaki.

Haka aka jawo Tabawa gaban alƙali, zanenta duk toka, jama'a na biye da duwatsu a hannu. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kare kanta ba. Malam Ishiyaku ya ga cewa in ya sake ta, ba za ta kai bakin kasuwa da rai ba, in kuma ya bi bakin taro, jininta na wuyansa. Yana cikin wannan tunani sai idonsa ya kai kan wani kare da ya biyo Nomau, yana zaune yana jan gindi a ƙasa. Ya daɗe yana kallonsa.

Sai ya tambayi Nomau hukuncin da yake nema. Nomau ya ce, "Allah gafarta Malam, a ƙone mai cin karnukana, a kuma raba duk wanda ya ba shi masauki da gidansa." Alƙali ya tambayi jama'a ko sun yarda, suka amsa baki ɗaya. Ya sake tambaya, shi da bai san maita ba, in maye ya cinye dabba, me ake samu a cikinta? Dattawan maharba suka ce ba a samun komai, maye yana ƙwaƙule ciki ne ya bar fanko. Alƙali ya sa suka maimaita yadda na nesa za su ji.

Daga nan ya tashi, taro ya bi shi har gidan Nomau, inda wani kare ya mutu da safiyar ranar. Wari ya tare su tun daga zaure. Makwancin karnukan cike yake da kashi da ɗanyen kayan ciki da ake watsa musu, ƙudaje sun rufe. Alƙali ya umarci Nomau ya farke gawar da hannunsa. Wuƙa na ratsa hanji sai ga tsutsotsi farare dogaye, sun cure kamar taliya, wasu na motsi har lokacin. Wani ya fara cewa ai Tabawa ce ta zuba su, alƙali ya tuna masa abin da dattawansa suka shaida a bainar jama'a.

Malam Ishiyaku ya ce, "Ga mai cin karnukanka, Sarkin Baka, a ƙone shi kamar yadda ka nema. Saura wanda ya ba shi masauki. A ƙazantar gidan nan ya kwana, da hannunka ka ciyar da shi. Hukuncin da ka yanka da bakinka shi zan zartar: ka fita, gidan na Tabawa ne. Maganar ran yayarta kuwa ta fi ƙarfina, kai da duk wanda ya riƙe wuta za ku amsa ta gaban sarki."

Nomau ya durƙushe kusa da gawar karen, wuƙar na hannunsa. Aka ƙone makwancin, aka ba sauran karnukan jiƙon maɗaci, wasu suka tashi. Alƙali ya juya ga tsohuwar ya ce, "Inna, ga gidanki." Ta dubi gidan, ta dubi mutanen da ta yi shekara da shekaru tana auna wa daddawa, ta ce, "Malam, wa zan kira in na shiga?"

Ta jira aka binne yayarta, sannan ta kama hanyar garinsu ita kaɗai, ba wanda ya iya ɗaga ido ya yi mata sallama. An ce har ya rasu Malam Ishiyaku ba ya son a yabi wannan shari'a a gabansa, don a ganinsa ta zo a makare.

Wanda ɓarna ta same shi, ya fara bincika cikin gidansa kafin ya ɗauki wuta zuwa na maƙwabci, domin gaskiya tana iya wanke wanda aka zarga, amma ba ta tashin wanda aka binne.